Ƙyashin Koci Cleophus

Ƙanena Cleophus Tarpley bai taɓa sa sigari a baki ba, bai taɓa kwana a hannun 'yan sanda ba, mace ɗaya ya aura, da ita ya zauna har Allah ya karɓi abarsa. In ana lissafin mutanen kirki a garinmu Tolliver, nan cikin Mississippi, a sa sunansa, ni Ozella zan tsaya masa. Aibinsa ɗaya ne tak, amma aibin ya ƙoshi: ƙyashi. Ni na raine shi bayan rasuwar uwarmu, saboda haka kada wani ya ce sharri nake masa. Tun yana ɗan mitsitsi, in aka yanka mana kek, ba ya taɓa nasa sai ya gama auna nawa da ido.

Sana'arsa koci ne a kwalejinmu, kuma kocin tsaro. Ƙwallonmu dai shi ne wanda ake rungumewa a ƙirji a ruga da shi, ƙarti sanye da hular kwano suna ta kayar da juna kamar an raba musu gado ba daidai ba. Akwai babban koci mai tsayawa gaban 'yan jarida, a ƙarƙashinsa mutum biyu: ɗaya ya tsara yadda za a ci, ɗaya ya tsara yadda za a hana a ci. Cleophus shi ne na hanawa. Ban san aikin da ya kai wannan rashin godiya ba. In aka ƙetare layinku aka ci ku, kai ne ba ka iya ba. In ba a ci ku ba, ai yaran ne suka yi ƙoƙari. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi a haka. A bakin fili gashinsa ya zube, a bakin fili gwiwoyinsa suka lalace.

Kwalejin tamu ƙarama ce. Yaran da ke zuwa mana su ne waɗanda manyan jami'o'i suka duba sama da ƙasa suka ce Allah ya raya. Mai gudu ba ƙarfi, mai ƙarfi ba gudu, wani kuma duka biyun babu sai kyakkyawar niyya. Da yake Cleophus bai da ƙarti, sai ya koma dabara. Wannan ya yi kamar zai faɗa musu sai ya ja baya, wancan ya yi kamar yana gyangyaɗi sai ya ɓullo ta gefe. Kuma a kan teburina ake ƙulla duk wannan makirci. Tun da matarsa ta rasu, kowace Lahadi bayan majami'a a gidana yake cin abinci, kuma ban taɓa samun kwalbar gishiri a inda na ajiye ta ba. Gishiri ɗan wasa ne, barkono ɗan wasa ne, cokula su ne abokan gaba. In na miƙa hannu sai ya doke shi.

"Yaya, kin cire min mai tsaron tsakiya!"

"Mai tsaron tsakiyarka zan zuba a ganye. Allah ya sa shi ma ba gajere ba ne."

To akwai wani yaro a unguwarmu, Rayford Gaskin, ɗan Earline da muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a cikin mawaƙan majami'a. Ya buga wa Cleophus wasa, bai taka kara ya karya ba. Da ya gama karatu ba shi da abin yi, Cleophus ya ji tausayinsa ya ɗauke shi mataimaki, ya zaunar da shi a wannan tebur nawa, ya koya masa gishiri da barkono, ni kuma na ciyar da shi har ya yi kumatu. Yaron akwai baki, akwai iya gaisuwa, akwai sanin hannun da ya kamata a riƙe da hannu biyu. Kafin a ankara ya tsallaka nan, ya tsallaka can, sai ga shi kocin tsaro a babbar jami'a, inda filin wasansu kaɗai ya fi garinmu mutane, inda ake zaɓo yara daga ko'ina cikin ƙasa kamar ana zaɓen kankana a kasuwa. Yaransa ba wanda ke iya wuce su. Masu surutun talabijin suka fara kiran sa gwani, suka ce irin kansa sai an tona.

Daga nan abincin Lahadi ya daina yi wa Cleophus daɗi.

"Dubi wannan," yana nuna talabijin da ƙashin kaza. "Dubi don Allah, Yaya. Me ya tsara a nan? Ya jera shanu huɗu a gaba ya ce musu ku tafi. Shi ke nan! Ba ni waɗannan yaran, kakarmu ma daga kabari za ta iya."

"Kakarmu ba ta taɓa kallon ƙwallo ba."

"Shi ya sa na ce ita."

Wannan magana ta kakarmu ya faɗe ta a shagon aski, ya faɗe ta a gidan mai, ya faɗe ta a wajen jana'iza har sai da fasto ya waiwayo. Duk garin an haddace. In Rayford ya bayyana a talabijin ɗin shagon aski, kafin Cleophus ya buɗe baki sai a haɗa baki a ce, "Kakarka ma za ta iya, Koci!" a kwashe da dariya. Shi kuma ba dariya yake ba. Abu ɗaya yake nema a duniya kafin ya ajiye aiki: a faɗa, da baki, cewa kansa ya fi na Rayford. Ba kujera yake so ba, ba mota ba. Magana kawai.

Ni ma kada ku ɗauka zuciyata fara ce fes. Earline ta fara zuwa majami'a da huluna masu faɗi, wata har sai ta karkata kafin ta shige ƙofa. Kowace magana sai ta kai ta ga ɗanta. In ka ce yau akwai zafi, sai ta ce, "Ai Rayford ɗina ya ce can wajensu ma haka." In muka tashi waƙa, sai hular ta tokare min kunci, ni kuwa in ɗaga murya har tata ta ɓace. Ubangiji ya gani, ai shi ya ba ni muryar.

Ana nan sai likita ya duba gwiwoyin Cleophus ya ce kakar wasa ɗaya ta rage masa, in ya ƙi ji a kujera mai taya zai ƙarasa. A shekarar nan kuma Tavion Bledsoe ya gama sakandare.

Ban san yadda zan kwatanta muku Tavion ba. In ya tsaya a ƙofa, ɗaki ya yi duhu. Wuyansa da kansa ba ka sanin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ga shi da gudu, abin da bai kamata mai irin wannan jiki ya samu ba, in dai ana adalci. Ga kunya kamar amarya. Kakarsa Mama Luvenia ita ta raine shi a wani ɗan gida bayan layin dogo, kuma duk ƙasar ta san yaron ba zai sa hannu a ko'ina ba sai inda ta nuna da haɓa. Manyan kocoyi suka yi ta sintiri a ƙofarta da baƙaƙen motoci, yaran unguwa suna leƙen gilashi.

A wajenmu kuwa, koci in ya zo neman yaro, ba a falo ake yanke magana ba. A kicin ake yi. Za a zuba maka abinci, kuma tsohuwa tana kallon farantinka fiye da yadda take jin bakinka. Rayford ya san haka sarai, a nan aka haife shi, amma girma ya sa ya manta. Ya zo da kwat mai sheƙi da mutum biyu masu riƙe masa waya. Mama Luvenia ta ajiye masa soyayyar tarwaɗa da burodin masara da ganye wanda ya kwana a wuta. Ya ɗan tsakuri gefe, ya ce ai yanzu yana kula da ƙiba, ko akwai ruwan roba? Ya yi awa yana ba ta labarin ginin da yara ke ɗaga ƙarfe a ciki. Ta ce masa madalla, ta raka shi ƙofa, ta juye wa kare abincinsa.

Labarin ya iso kunnena kafin motarsa ta bar gari. Na kira Cleophus.

"Gobe kada ka karya kumallo. Kada ka ci na rana. Ka sa wandon nan mai roba a ƙugu."

"Yaya, ni tsarin tsaro zan nuna mata, yadda yaron zai..."

"In ka taɓa mata kwalbar gishiri, na rantse zan karya maka sauran gwiwar. Ka ci, ka ce a ƙara, ka yi shiru."

Washegari a kicin ɗin Mama Luvenia, faranti uku ya tashi da su, ya share da burodi, ya tambaya ko akwai saura a tukunya. Da aka kawo gashin dankali mai zaƙi hawaye na zubo masa, ita ta ɗauka daɗi ne. Ta ce, "Ɗana, kai dai uwarka ta yi tarbiyya." Ya ce yayarsa ce. Ranar zaɓen makaranta, a zauren makarantar sakandare, aka jera huluna a kan tebur gaban Tavion kamar yadda ake yi, kowace da tambarin makarantarta, ga 'yan jarida, ga ta jami'ar Rayford a tsakiya tana ƙyalli. Yaron ya saci kallon kakarsa, ya miƙa wannan hannu nasa mai kama da shebur, ya ɗauki tamu, 'yar kore mai kama da ta masu gadi. Ko rabin kansa ba ta rufe ba. Earline ba ta zo majami'a ba ranar Lahadin, wai mura.

"Ka gani," na ce da Cleophus. "Shekara ashirin kana aiki da kai, ashe ciki ne jarinka."

Bai ji haushi ba. Yana ta murza hannu. "Yanzu za su gani. Saniya ɗaya tak na samu, shi yana da garke. Yanzu za a san wa ke da kai."

Aka fara wasa, kuma aka gani ɗin. Tavion ya tsaya a tsakiyar layin gaba, ana busa usur sai ka ga ƙarti biyu sun tashi sama kamar an watsa wa kaji ruwa. Mai jefa ƙwallon abokan gaba ba ya samun sukunin ɗaga hannu. 'Yan siraran yaran Cleophus da a da ake bi ta kansu, yanzu hanya a buɗe take musu, suka zama zakuna. Muka ci wasan farko, muka ci na biyu. Mutanen da rabonsu da fili tun auren fari suka dawo da kujerunsu na naɗewa. Jaridar gari ta buga hoton Tavion har ya ci rabin shafi. Aka rubuta cewa tsaron kwalejinmu ya farfaɗo daga suma, kuma dalilin yana sanye da riga mai lamba casa'in da tara. Sunan Cleophus yana can ƙasa, kusa da tallan taya.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya ya shiga shagon aski yana taku ɗai-ɗai, yana jiran a miƙe masa. Wanzamin, wani shaƙiyyi da ake kira Purvis, ya karkaɗe tawul ya ce, "Sannu da zuwa, Koci. Yaya jikin kakar taka? Mun ji an ce ita ke riƙe da tsaro bana." Shagon ya kusa rushewa.

Lahadi ya zo gidana bai taɓa abinci ba. Ya ɗauki kwalbar gishiri, babbar, ya ajiye ta a tsakiya yana harararta.

Na ce, "Kai, ba dai kishi kake da yaronka ba?"

"Wane irin kishi? Ni dai cewa na yi ba a kallon abin da ya kamata a kalla."

"Cleophus, kai ka ci tarwaɗa har ka kusa mutuwa don ka samo shi."

"Na sani."

"Yanzu kuma haushi kake ji don ya yi abin da ka ɗauko shi ya yi."

Ya sa yatsa ya ja kwalbar gishirin baya, a hankali, ya bar gurbinta fanko. Ya turo barkono ta hagu, ya turo kwalbar yaji ta dama. Idonsa ya kawo wani haske da na sani tun yana yaro, irin wanda yake yi kafin ya fasa wani abu.

"Duba nan, Yaya. Mutum uku suke sa masa, ko? To in aka busa ya ƙi shiga, ya ja baya? Mutum uku sun tare iska. Ƙanana su faɗo ta gefe. Mai jifa ya firgita, ya wurga ƙwallon gajere ta tsakiya, inda ya saba ba kowa. Wa zai tarar a tsaye?"

"Gishiri."

"Gishiri!"

Haka tsarin ya sami suna. Alamarsa daga bakin fili ita ce ya ɗaga hannu ya karkaɗa kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Kuma da yake ƙyashi ba ya barin mutum ya yi haƙuri, a wasa na gaba tun da fari ya barbaɗa. Tavion ya ja baya, yana waige-waige kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙo. Su kuwa ba jifa suka yi niyya ba. Mai gudunsu ya rungumi ƙwallo ya bi ta gurbin da yaron ya bari, hanya fetal har layi, yana tafe yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Cleophus ya sake gwadawa bayan hutun rabin lokaci, aka sake bi ta nan. Ranar muka sha kashi a hannun wata makaranta da ko masu kaɗa ganga na kirki ba ta da su.

Litinin da hantsi Mama Luvenia ta bayyana a filin atisaye, da sandarta da jakarta ta zuwa majami'a. Ina wurin, na kawo masa maganin gwiwa da ya manta a gidana. Ba wanda ya tare ta. Wa zai tare ta?

"Koci, zo nan."

Ya zo yana ɗingishi, hula a hannu. "Mama, barka da..."

"Riƙe gaisuwarka. Yaron nan madara nawa ya sha a hannuna ka sani? Na ƙi ba mai kwat, na ba ka, don na ga kai mutum ne mai cin abinci. Jiya ya zauna a kicin ɗina ya ƙi ci. Tavion! Ya ƙi ci! Wai an sa shi ya gudu daga mutane. Allah ya gina abu don ya tafi gaba, kai ka ce baya. Ka fi Allah sanin gini ne?"

"Mama, dabara ce. In kika duba..."

"Na duba. Na ga bayan rigar wani yaro yana tafiya. Ka ji ni da kyau, ɗana: yanzu ba kamar dā ba ne, yaro yana iya sauya makaranta in an gama kakar wasa. Mai kwat ɗin nan har yau yana aiko min da furanni."

Ta juya ta tafi. Cleophus ya tsaya riƙe da hula, yaransa duk sun sunkuyar da kai suna gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Daga ranar ya sakar wa Tavion linzami. Gaba, gaba, gaba. Muka koma ci. Jarida ta koma hoton yaro. Purvis ya koma gaishe da kaka. Cleophus ya haɗiye, ya rame, wandon nan mai roba har ya fara zamewa. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, duk yamma in an tashi atisaye yakan tsayar da Tavion su biyu, yana wurga masa ƙwallo da wannan tsohon hannu nasa, yaron yana ja da baya yana cafewa, har ƙafafunsa suka daina harɗewa. Tavion ya ce masa, "Koci, Kaka fa ta ce..." Ya ce, "Kakarka ta ce kada ka gudu daga mutane. Ba ta ce kada ka iya cafe ƙwallo ba."

Wasan ƙarshe a gida shi ne na bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, kuma da 'yan ƙetaren kogi, waɗanda tun kakanninmu ba ma ga maciji da su. Gari ya cika. Hayaƙin gashin haƙarƙari ya rufe filin ajiye motoci tun safe, masu ganga da kakaki sun hana jarirai barci. Babban baƙon bikin kuwa ba kowa ba ne sai Rayford Gaskin, da yake makon ba su da wasa. Aka zaga da shi gari a buɗaɗɗiyar mota, Earline a gefensa da wata hula mai gashin tsuntsu, tana ɗaga hannu a hankali kamar wuyan hannun na gilashi ne. Da suka zo daidai inda nake ta ce, "'Yar'uwa Ozella! Rana ba ta dame ki ba a nan ƙasa?" Na ce, "A'a, 'yar'uwa, inuwar hularki ta iso har nan."

Aka ba Rayford kujera a sama, inda ake ganin fili duka. Cleophus bai ɗaga kai ya dube shi ba ko sau ɗaya, wato dai bai daina ganin sa ba.

Wasan ya yi zafi. 'Yan ƙetaren kogi sun zo da shirinsu: mutum uku a kan Tavion, tun daga usur na farko. Yaron yana ture su, suna dawowa, kamar mai korar ƙuda a mahauta. Cleophus bai barbaɗa komai ba. Gaba, gaba, gaba, har suka saki jiki suka yarda cewa tsohon ya daina hauka. La'asar ta yi, muna gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, lokaci ya kusa ƙarewa, sai suka turo mu har bakin layinmu. Dama huɗu ake ba su. Suka ɓarar da uku. Saura ɗaya: in sun ƙetare sun ci wasa, in mun hana mun ci. Mai gudunsu ya ji ciwo tun ɗazu yana zaune da ƙanƙara a idon sawu, saboda haka jifa ce kawai ta rage musu, kuma ƙanena ya san haka.

Filin duka ya miƙe yana kiran sunan Tavion. Mama Luvenia tana kujerun gaba na 'yan kallo tana buga sanda a ƙarfe. Na dubi Cleophus. Ya ɗaga hannu sama, ya karkaɗa.

Na ce, "Wayyo Allah, ya kashe mu." Matar da ke kusa da ni ta ce me ya faru, na ce gishiri, ta matsa gefe.

Aka saki ƙwallo. Ƙartin nan uku suka rufe ido suka afka gaba da dukan ƙarfinsu, suka tarar ba kowa, biyu suka kifa da fuska. 'Yan siraranmu suka ɓullo ta hagu da dama kamar an buɗe akurki. Mai jifa ya ga mutuwa tana zuwa ta gefe biyu, ya wurga ta tsakiya ba tare da ya duba ba, wurin da tun safe ba kowa. Tavion yana tsaye a nan kamar an dasa shi. Ƙwallon ya shige hannunsa ya ɓace. Ya rungume shi ya zauna a ƙasa daɓas.

Ban san yadda na sauka daga matakala ba, ni da ke hawa mota da addu'a. Na dai ga kaina a cikin fili, jakata a hammata, mutane suna gudu ta ko'ina. Duk inda ka duba Tavion ake nufa. Mutum shida suka yi ƙoƙarin ɗaga shi suka fasa. Mai rediyon gari ya tura masa abin magana a baki yana ihu: "Jama'a, kun taɓa ganin mai wannan jiki da irin wannan basira? Shi da kansa ya hango jifar ya ja baya! Tavion, me ka gani?" Yaron kuwa, ga kunya ga haki, ya ce, "Na ga ƙwallo ne kawai, yallaɓai. Na gode wa Allah da Kakata." Mama Luvenia tana gefe tana gaya wa duk mai kunne cewa tun yana jariri yake cafe abu.

Cleophus yana can bakin benci shi kaɗai, ya dafa gwiwa. Na je na tsaya kusa da shi. Sai ga Rayford ya ratso taro, ya baro masu riƙe masa waya a baya.

"Gwaggo Ozella, ina wuni." Ya juya ga Cleophus, ya sunkuyo, ya rage murya. "Koci. Tun farkon wasa kake dafa musu wannan dabara, ko? Ka bar su suka ƙoshi da Tavion, sai da mai gudunsu ya fita. Na ga hannunka ya tashi, na ce a raina ba zai yi ba, ba wanda zai cire wannan yaro daga layi a dama ta ƙarshe. Ni ina da irinsa huɗu, ban taɓa samun zuciyar yi ba. Da ni ne, gaba zan tura shi in yi addu'a." Ya ƙara da cewa, "Har yau ban kamo ka ba, Koci."

Cleophus ya ɗago kai. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Na san abin da yake nema: shaida. Ba Purvis, ba ɗan jarida, ba ko mai sayar da gyaɗa. Ni kaɗai ce, yayarsa, wadda duk gari ya san za ta iya rantsewa a kan komai in dai don a ƙuntata wa Earline ne.

Mai rediyo ya hango Rayford ya rugo. "Koci Gaskin! Gwani da kansa! Me za ka ce game da wannan tsaro?" Rayford ya gyara kwat, ya saki murmushin talabijin, ya ce, "Wannan yaro kyauta ce daga Allah. Irinsa ba a koya musu, haihuwarsu ake yi."

Na faɗi abin da na ji, kada ku ce ban faɗa ba. Na faɗa a shagon aski, Purvis ya ce, "Haba Gwaggo, da bakinsa?" yana ƙifta wa mutane ido. Na faɗa a majami'a, a gaban mawaƙa duka. Earline ta gyara hula ta ce, "Ai zai iya faɗa. Rayford ɗina akwai ladabi. Ba ya son ya ga tsoho ya ajiye aiki ba a ce masa komai ba." Ranar na yi waƙa har fasto ya aiko a ce in sassauta.

Cleophus ya ajiye aiki, aka ba shi agogon bango da tambarin kwaleji. Tavion ya zauna bai sauya makaranta ba, Mama Luvenia ta ce ta yafe wa Koci tunda yaron ya gyara masa kuskurensa. Da kakar wasa ta zagayo, wata Asabar muna kallon talabijin, sai ga ɗaya daga cikin shanun Rayford ya ja baya daga layi ya cafe ƙwallo. Masu surutu suka kusa haɗiye harshe: sabon abu, ba a taɓa gani ba, kai wannan mutum gwani ne. Na saci kallon ƙanena, na matsar da kofin shayi daga kusa da hannunsa don kada talabijin ɗina ta tafi.

Bai jefa komai ba. Ya ce, "Ya yi wuri. Ba a yin dabarar nan tun da fari." Can kuma ya ce, "Yaya, kin dai ji da kunnenki ko?"

"Na ji."

"Me ya ce?"

Tun daga ranar, kowace Lahadi sai ya tambaya, bayan an gama ci, yana juya kwalbar gishirin da likita ya hana shi taɓawa. Ni kuma ba na faɗa sai ya wanke kwanuka. Wani lokaci in ce na manta, tsufa ya zo. Wani lokaci in ce, "Ya ce yaron kyauta ce daga Allah," in bar shi ya kumbura tukuna. Sai in ga ya tsaya a bakin famfo da kumfa har gwiwar hannu, ƙato da furfura, yana jira kamar ranar da nake yanka kek.

Sai in ce, "Ya ce har yau bai kamo ka ba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauraye faranti. "Da ƙarfi ya faɗa, ko a hankali?"

"A hankali."

"Munafuki," in ji shi, yana murmushi.